Ya ci amanata shekara shida, yau an zo tambayata halinsa

Abban Humaira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa tofawa ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Ba zan kama suna ba, wanda ya gane ni ma don Allah ya rufa min asiri.

Ina da amini tun makarantar allo, tabarma ɗaya muka kwana kafin kowa ya yi aure. A 2019 na sayar da filina na gado, na haɗa da ɗan abin da na tara, naira miliyan 3 da dubu 400, na ba shi ya saro mana fitilun sola da batura daga Legas mu raba riba. Ba takarda, ba shaida sai matata. Wata biyu yana cewa kaya na hanya, wata na uku ya ce an kama su, wata na biyar sai na ga ya buɗe shago. Da na matsa masa sai ya shiga gaya wa mutane wai ya biya ni tuni, ni ne nake son cin biyu. Wallahi wannan ta fi kuɗin yi min ciwo. Manya suka zauna, ya rantse, aka ce in yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. Na ce na bar shi da Allah.

Da baki na faɗa. Na sauya masallaci don kar mu haɗa sahu. Akwai dararen da nake kwance ido biyu ina tsara yadda zan tozarta shi, in ƙulla wannan in kwance waccan har a kira asalatu.

To jiya kawun wata yarinya da zai aura ta biyu ya zo har gida, an ce masa ni na fi kowa saninsa. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Tun da ya fita nake jin wani irin daɗi a ƙirjina, kuma daɗin ne yake ba ni tsoro. In na faɗa, gaskiya na faɗa ko ramuwa na yi? In na yi shiru, yafiya ce ko na cuci 'yar mutane?

Ɗan Lungu: Haba Yallaɓai, wannan har sai ka yi shawara? Allah ne ya kawo maka shi a faranti. Rama cuta ga macuci ibada ne. Zazzage wa kawun kwandon kaf, har da wanda bai tambaya ba.

Uwar Biyu: Innalillahi. Miliyan uku na 2019 fa, lokacin dala tana wajen 360. Yanzu ta ninka fiye da sau uku. Ko yau ya biya ka ai ya ci rabi da kwata. Allah ya saka maka.

Malam Na Ƙofa: Wa alaikumus salam. Ɗan Lungu, waccan magana karin maganar Hausa ce, ba aya ba ce ba hadisi ba, kar wani ya ji kalmar ibada ya ɗauka nassi ne.

Abban Humaira, tambayarka biyu ce ka haɗe su wuri guda. Ta farko mai sauƙi ce. Wanda aka nemi shawararsa a kan aure amana aka ɗora masa. Fatima 'yar Ƙais ta je wa Annabi (SAW) da maganar mutum biyu da suka nemi aurenta, ya ce mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usama. Muslim ya ruwaito. Daga nan malamai suka ce faɗin aibin mutum a irin wannan wuri ba giba ba ne, nasiha ce, da sharaɗin ka tsaya a gwargwadon buƙata. Don haka shirun ma ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi. Haƙƙin yarinyar ne.

Ta biyu ita ce mai wuya, wato daɗin nan da ka ce kana ji. Wannan kuma ba fatawa ke maganinsa ba.

Ɗan Lungu: Allah ya gafarta Malam, ai ka dawo kan maganata kenan. Ya faɗa ɗin dai.

Malam Na Ƙofa: Ni na ce gwargwadon buƙata, kai ka ce har da wanda ba a tambaya ba. Tsakaninmu akwai tafiyar yini.

Anti Malama: Bari in shigo ta kan daɗin, tunda ilimin halayyar ɗan Adam nake koyarwa. Ƙanina, kar ka ɗauka ka zama mugu. A 2004 wasu masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun shirya wani wasan kuɗi na amana, ka ba wani kuɗi ya juya, ya ga dama ya raba da kai ya ga dama ya haɗiye. Kusan labarinka. Suka sa waɗanda aka ci amanarsu a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yayin da suke yanke shawarar hukunta macucin. Sashen da ya motsa shi ne wanda ke motsawa idan mutum yana hango wani abin daɗi zai same shi. Waɗanda sashen ya fi motsawa a kansu har yarda suka yi su yi asarar kuɗinsu don dai macucin ya ji a jikinsa. Haka aka halicce mu, kuma yana da amfani, don da babu tsoron ramuwa da macuta sun cinye kasuwa.

Amma ka lura, daɗin na hangowa ne. Kamar ƙamshin tsire ne daga nesa. A 2008 Kevin Carlsmith da abokan aikinsa a Amurka sun duba abin da ke biyo baya. Ɗalibai ne aka sa musu mayaudari a cikin wasa, aka ba wasu damar cin tararsa, wasu ba a ba su ba. Kowa ya zaci ramawa za ta sanyaya masa rai. Da aka auna, waɗanda suka rama su suka fi zama cikin ɓacin rai, domin sun ci gaba da juya mutumin a zuciyarsu. Waɗanda ba su samu dama ba sun ce ai ba komai, sun wuce abinsu. Abin dariyar shi ne su ma sun tafi suna cewa da an bar su sun rama da sun fi jin daɗi.

Maman Khalifa: Anti, da girmanki, amma wasan ɗalibai na kuɗin shan shayi daban, filin gado daban. Wanda aka cuta naira ɗari ya ce ba komai ya wuce. Wannan bawan Allah ba a ba shi damar ramawa ba shekara shida, ya wuce ɗin? Ga shi nan yana gaya miki ba ya barci.

Ni abin da ke ƙona min rai a garin nan, haƙuri kullum mai rauni ake ba wa. Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan da in an mare ni da dare, da safe ni ake kaiwa in durƙusa. Ki yi haƙuri, aljannarki na ƙarƙashin ƙafarsa. Ki yafe, kowa da haka yake zaune. Na yafe har na rasa lissafi, duk yafiyar da na yi kamar lasisi na sabunta masa. Ranar da na ce ban yafe ba, na kira yayyena, ranar ya san ni mutum ce. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ka ji tsoron Allah. Su manyan da suka ce wa Abban Humaira zumunci ya fi kuɗi, me ya hana su gaya wa ɓarawon haka? Shi zumuncin bai fi kuɗi a wurinsa ba?

Uwar Biyu: Wallahi Maman Khalifa kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi.

Anti Malama: Ban musa miki ba ko kaɗan, kuma gaskiyarki ce, wasan ɗakin gwaji ba ya ɗaukar nauyin irin wannan ciwo. Abin da kika faɗa ma an bincika shi. James McNulty ya bi sababbin ma'aurata 72 a Amurka tsawon shekara huɗun farko na aurensu, ya fitar da sakamakon a 2011. Waɗanda suke saurin yafewa, zagi da cin zarafin da abokan zamansu ke musu bai ragu ba, yana nan yadda yake. Waɗanda ba sa yafewa da arha, nasu ya yi ta raguwa. Yafiyar da ba ta tare da wani sakamako tana koya wa mai laifi cewa laifin kyauta ne.

Matsalarmu ita ce kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa daban-daban. In an ce ka yafe, wani yana nufin ka bar bin haƙƙinka, wani yana nufin zuciyarka ta huce, wani kuma yana nufin ku koma kamar da, ka sake ba shi mabuɗin shagonka. Manyan da suka zauna da Abban Humaira sun karɓi na farko daga bakinsa da ƙarfin kunya, suka tashi suna zaton sun samu duka.

Direban Tirela: Salamu alaikum. Ni ba boko na yi ba amma na rama, bari in gaya muku yadda take. Wani abokin aikina ya kai ƙarata wurin mai mota wai ina sayar da mai a hanya. Ƙarya ce, motar yake so. Aka karɓe makulli, na yi wata bakwai a zaune, matata na da ciki. Wata rana na tarar da motar a fake a wani gari, dare ya raba, na yi mata abin da na san injin ba zai ƙara tashi lafiya ba. Ba zan faɗi mene ne ba kar in koya wa wani. Wallahi a daren nan kamar an ba ni kujerar Makka.

Mai mota ya kori abokin aikin nawa, ya haɗa da yaron motar ya ce su biyu suka yi sakaci. Yaron nan maraya ne, ni na koya masa ɗaure taya. Shi wanda na yi domin shi, cikin sati uku ya samu wata motar, har yau bai san ni ne ba, yana ganina yana min sannu da aiki. To me na rama? Shekara tara kenan, shi ba ya tunani na, ni ina tunaninsa, ga yaron ya ƙaru a kan kayan da nake ɗauke da su.

Ɗan Lungu: To ai kai kuskurenka ba ka bari ya sani ba.

Anti Malama: Ɗan Lungu da wasa ya faɗa amma ya taka gaskiya. Wani masani Bajamushe, Mario Gollwitzer, ya gwada wannan. Ya gano ganin macuci yana shan wuya kawai ba ya gamsar da wanda aka cuta. Abin da ke gamsar da shi shi ne macucin ya nuna ya gane dalilin, ya ce na san don abin da na yi maka ne. Ramuwa saƙo ce, in ba a karanta ba kamar ba a aika ba. Shi ya sa Direba bai samu komai ba.

Abban Humaira, in tambaye ka. A cikin dararen nan da kake saƙawa da kwancewa, ƙarshen labarin yaya yake zuwa? Yana talaucewa ne, ko yana mutuwa, ko me?

Abban Humaira: Anti kin sa na ajiye waya na yi shiru. Ban taɓa kawo mutuwarsa a raina ba, ko talaucinsa. Kullum abin da nake gani shi ne zauren nan da aka zauna, da mutanen nan dai su ɗin, ya miƙe ya ce ƙarya na yi masa, bai ci biyu ba. Shi kenan. Wani lokaci ma a cikin tunanin nawa ni nake cewa ya riƙe kuɗin.

Kuma kun san abin da ke ƙara tunzura ni? Duk shekara in azumi ya matso sai ya turo min saƙon nan da ake tura wa kowa, wai duk wanda na ɓata wa da sani ko da kuskure ya yafe min, ni ma na yafe wa kowa. Har da hoton fure.

Maman Khalifa: Hoton fure! Ni ma na yafe wa kowa! Me aka yi masa da zai yafe? In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Wannan saƙon na jimla ni na daina amsa shi. Wanda ya san ya cuce ni ya san ƙofar gidanmu.

Malam Na Ƙofa: Hajiya ta yi gaskiya a nan. Tuba daga haƙƙin mutane sharaɗinta mayar da haƙƙin ko neman mai shi ya warware maka, kuma ba a neman warwara da saƙon da aka tura wa mutum ɗari uku. Hadisin muflisi yana nan, wanda zai zo da salla da azumi amma ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare.

Amma ina so in gyara wani abu da ake jingina wa addini. Musulunci bai taɓa cewa wanda aka zalunta dole ya yafe ba. A Suratus Shura aya ta 40 Allah ya ce sakamakon cuta cuta ce kwatankwacinta, sannan ya ce wanda ya yafe kuma ya gyara ladansa na wurin Allah. Aya ta gaba ta ce wanda ya ɗau fansa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. A kisan kai ma, a Baƙara, an ba dangin mamaci zaɓi, ƙisasi ta hannun hukuma ko rangwame zuwa diyya. Sai da aka damƙa maka haƙƙin a hannu sannan aka kwaɗaitar da kai ka sake shi. Wanda aka murɗe wa hannu ya ce na yafe, ba kyauta ya yi ba, ƙwace aka yi masa karo na biyu.

Kuma ku dubi Wahshi. Shi ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Bayan an buɗe Makka ya zo ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓa, bai taɓa shi ba, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Bukhari ya kawo wannan. Mafi tausayin halitta kenan, ya bar haƙƙi, amma ganin fuskar yana tayar masa da ciwon baffansa. To wane ne ni da zan ce wa Abban Humaira sai ya koma cin tuwo kwano ɗaya da mutumin nan?

Uwar Biyu: Malam, to hadisin kar a ƙaurace wa ɗan'uwa sama da kwana uku fa? Ni shi ke hana ni sukuni game da wata 'yar'uwata.

Malam Na Ƙofa: Yana nan daram, Hajiya, kuma da yawan malamai sun ce sallama tana fitar da mutum daga gaba. Ki yi mata sallama, ki amsa tata, in ta yi rashin lafiya ki duba ta. Ba a ce ki sake ba ta ajiyar sarƙarki ba. Mumini ba a saransa sau biyu a rami ɗaya.

Ɗan Lungu: To ni dai kwatankwacinta ɗin nan na riƙe. An halatta.

Anti Malama: Kwatankwacin ne ba ka iya aunawa, ƙanina, ba kai kaɗai ba, dukkanmu. A 2003 a Landan an zaunar da mutane bibbiyu, aka ce wannan ya danna yatsan wancan, shi kuma ya mayar daidai da ƙarfin da ya ji, kar ya ƙara kar ya rage. Kowa ya yi iya gaskiyarsa, amma duk zagaye ƙarfin sai ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana rage maka jin abin da kai ka yi, ta bar maka na wani da cikakken nauyinsa. Kowannensu ya tashi yana ganin ɗayan ne ya fara wuce gona da iri. Yara biyu in suna faɗa ai kun ji su, shi ya fi dukana da ƙarfi. Bahaushe ya riga ya gani da ya ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ina ganin hikimar da ta sa aka ce alƙali ne zai auna, ba mai ciwon ba, kenan.

Baba Na Tudun Wada: 'Ya'yana, na karanta duka, idona ba ya jure waya sosai amma bari in sa baki. Ni a Kaduna na tsufa, na ga 1992 da rikicin Zangon Kataf ya gangaro cikin gari, na ga 2000. Abin da Malama ta faɗa na yatsa, mu da gawa muka gan shi. Kowane ɓangare in ka zauna da shi, lissafinsa daga ranar da aka taɓa shi yake farawa, ba ya farawa daga ranar da shi ya taɓa wani.

Kun san Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci a nan Kaduna, har suka je suka shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Mutane suna son ba da labarin kamar rana ɗaya suka rungumi juna. Ba haka ba ne. Shi Faston da bakinsa ya sha faɗa cewa sun yi shekaru suna aiki tare, suna tafiya tare, amma in ya ga Imam yana barci sai zuciyarsa ta raya masa ya gama da shi. Baki ya riga ya yafe, ƙafa tana zuwa aikin sulhu, zuciya kuwa tana baya tana jan jiki.

Don haka ɗana, shekara shida ba ka huce ba, ba abin kunya ba ne. Amma wanda kake jira ya miƙe a zaure ya wanke ka, ka sani mai yiwuwa ya riga ya gaya wa kansa labarin da a ciki shi ne mai gaskiya, ya maimaita har ya yarda. Na ga irinsu da yawa. In ka ɗaure barcinka a bakinsa, ka ba shi filin ka ƙara masa da dararenka.

Abban Humaira: Na gode Baba. Allah ya ƙara girma. Wannan ta shige ni.

Maman Khalifa: Baba Allah ya ja kwana, amma ni fa ina tsoron irin wannan magana, don daga nan ake zamewa a koma ka yafe don lafiyarka, shi kuma ɓarawo ya ci bulus. Ni sai da na ga an tsawatar wa nawa a gaban mutane sannan barci ya dawo min. Ba wai na zauna na yi wa zuciyata wa'azi ba ne.

Anti Malama: Ke kin samu abin da Gollwitzer yake magana a kai, an karanta saƙonki a gaban shaidu. Wanda bai samu ba fa, kuma ba alamar zai samu? Shi ne Baba yake wa magana. Everett Worthington, wanda ya shafe rayuwarsa yana binciken yafiya, ɓarawo ya shiga gida ya kashe mahaifiyarsa a daren shiga 1996. Shi ya raba abin biyu, akwai yafiyar ƙuduri, wato ka yanke cewa ba za ka bi mutum da sharri ba, akwai kuma ta zuciya, wato ɗacin ya tafi. Ta farko kana iya yinta yau bayan la'asar. Ta biyu ba a yi mata umarni, sai dai a daina ciyar da ɗacin. Kuma jiki yana biyan kuɗin ciyarwar, an auna mutane suna tuno wanda suka ƙullata, bugun zuciya da hawan jini suna tashi nan take. Ko ɗaya daga cikin biyun bai hana ka bin kuɗinka ba. Abban Humaira, in kana da saƙonnin banki na lokacin, Hisba tana nan, kotu tana nan.

Abban Humaira: Ta banki na tura miliyan biyu, sauran a hannu. Ban taɓa kai ƙara ba saboda an ce na riga na bar wa Allah, wai in na koma na ci amanar manya.

Malam Na Ƙofa: Barin wa Allah ba yafewa ba ne, kai ƙara ne babbar kotu. Bashinka yana nan. Shawarata game da Juma'a, kafin kawun ya zo ka rubuta abin da za ka faɗa a takarda. Ka karanta, duk jimlar da ka ji tana maka zaƙi a baki fiye da kima, ka duba ta sau biyu, wataƙila ba ta yarinyar ba ce, taka ce. Abin da ka gani da idonka kawai. In yana da alheri da ka sani, ka haɗa da shi. Abubakar (RA) ya rantse ba zai ƙara ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu ba bayan ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana tambaya, ba kwa so Allah ya gafarta muku? Ya mayar masa da abin da yake ba shi. Ba na ce ka kai can ba. Na ce dai kar ƙiyayya ta sa ka tauye shi a awo.

Direban Tirela: Kuma ka tuna akwai yaron mota a kowace ramuwa. A nan uwargidansa ce da 'ya'yansa, kar ka faɗi abin da zai koma kansu.

Ɗan Lungu: Kun dai taru kun lallashe shi. Ni da ni ne, hmm.

Abban Humaira: Salam 'yan zaure, na dawo da bayani kamar yadda wasu suka nema ta akwatin saƙona. Na yi yadda Malam ya ce. Takardar farko shafi biyu ta ci, da na gama tacewa saura layi biyar. Abin da na cire ya fi ba ni kunya fiye da yadda na zata, har da maganar wata yarinya da ya nema muna samari, shekara ashirin da suka wuce.

Kawun ya zo bayan Juma'a. Na ce masa mutumin nan yana salla, yana kula da mahaifiyarsa, ban taɓa ganin ya ɗaga wa matarsa hannu ba. Na ce amma ni da shi akwai maganar kuɗi miliyan 3 da dubu 400 tun 2019, ni na ce bai biya ba, shi ya ce ya biya, ga shaidar banki ta miliyan biyu, ku tambaye shi tasa shaidar. Na ce kuma ku sani ni mai ƙullace da shi ne, ku auna maganata da wannan. Dattijon ya daɗe yana kallona, ya yi godiya ya tafi.

Daɗin da nake jira bai zo ba. Baƙin ciki ma bai zo ba. Na dai yi barci a daren har matata ce ta tashe ni salla.

Yau da safe ina shago sai ga alat, naira dubu 500, daga asusunsa. Ba kira, ba saƙo, wurin bayani ma bai rubuta komai ba. Na fi awa ɗaya ina kallon wayar. Ban sani ba ko toshiyar baki ce, ko kawun ne ya matsa masa, ko ita ce ban-haƙurin da bakinsa ya kasa furtawa. Zuciyata tana ce min in mayar masa, ni ba wannan nake jira ba.

Anti Malama: Wanda ya rantse ya biya ka tuni, yau ya turo. Ka sake karanta alat ɗin a hankali.

Maman Khalifa: Ka mayar wa wa? Riƙe abinka Malam, ka ɗauki hotonsa ka ajiye. Saura miliyan 2 da dubu 900.